FASHIN BAƘI: Yadda ake tono tarihin yaƙin da iyaye suka yi daga takardun da suka bari a akwati

A gidaje da yawa na Arewa akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba. Yana ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko a ɗakin da aka mayar na ajiyar shirgi. In an buɗe shi, abin da ake tararwa bai wuce ɗan littafin da gara ta ci gefensa ba, da minda biyu ko uku da ƙyallensu ya koɗe, da hoton wani saurayi sanye da kaki da gajeren wando, wataƙila da wasiƙa guda da aka rubuta da ajami. Mai kayan ya rasu, ko kuma tsufa ya ci ƙarfinsa. Abin da 'ya'ya da jikoki suka riƙe game da shi bai wuce magana ɗaya ba: "Ya je yaƙin Bama," ko "Ya yi yaƙin Ojukwu."

Sau da yawa wannan akwati shi ne wuri ɗaya tak a duniya da aka ajiye labarin mutumin da sunansa. Littattafan yaƙi na janar-janar ne da 'yan siyasa. Farabiti da kofur, da matar da aka bari da goyo, da yaron da aka ɗiba zuwa haƙar kuza, ba su cika samun ko layi ɗaya a ciki ba. Wanda ya ƙudura niyyar rubuta labarinsu zai yi aiki ne da shaidu iri biyu, kuma kowanne da inda ya karkata: takardar da hukuma ta rubuta don amfanin kanta, da labarin da dangi suka riƙe don kare mutuncin nasu.

Yaƙe-yaƙe biyu ne suka fi barin irin waɗannan takardu a ƙasar Hausa. Na farko Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A 1941 sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha, kuma birged ta 23 ta Najeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na shekarar. A 1943 Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, ta kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama, wato ƙasar Burma da yanzu ake kira Myanmar, ba Bama ta Borno ba. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne mutum kimanin 90,000 daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Na biyu shi ne yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, lokacin da sojan Najeriya ya kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna gaggawar aikin. Wanda ya shiga soja yana ɗan 18 a 1944 ya kai shekara ɗari ko yana dab da ita. Wanda ya shiga yana ɗan 18 a 1967 ya haura 75.

Lamba kafin suna

Kuskuren farko da mai bincike kan yi shi ne ya fara neman kakansa da suna. Turawan da ke ɗaukar kurata ba su damu da sunan uba ba. Sukan rubuta sunan yanka su liƙa masa sunan gari: Audu Kano, Musa Bauchi, Garba Sokoto. Bataliya ɗaya na iya samun masu suna iri ɗaya har biyar. Garin ma ba lallai mahaifar mutum ba ce, yana iya zama inda aka ɗauke shi kawai. Wasu sun ba da sunan ƙarya don sun gudo ne daga gida ba da sanin iyaye ba. Wasu kuwa, daga Filato da Binuwai da Kudancin Zariya, ko daga ƙasashen da Faransa ke mulki, sun shiga da sunayen Hausawa saboda Hausa ce harshen bariki. Ga kuma rubutun Bature, wanda ke mayar da Mamman ya koma Momo. Shekarun da aka rubuta a takarda kuwa yawanci kallon ido ne: hafsa ya dubi ƙirjin yaro da tsawonsa, ya yanke masa shekara.

Abin da ba ya canzawa shi ne lambar soja. Ta zamanin Turawa tana farawa da NA ga wanda aka ɗauka a Najeriya, GC ga wanda aka ɗauka a Gold Coast, wato Ghana ta yau, inda 'yan zango da yawa suka yi soja. Waɗanda suka shiga a shekarun yaƙin basasa an san su da 63NA. Ana samun lambar a takardar sallama, da littafin albashi, da katin fansho, wani lokaci a bayan hoto. Wanda ya same ta ya rubuta ta a wurare uku kafin ya yi komai.

Minda tana da daɗin gani amma shaidarta gajera ce. Tauraron Burma, mai ƙyalle shuɗi da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, yana nuna an yi aiki a wannan fage tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Sai dai Ingila ba ta buga sunayen masu irin waɗannan taurari a jikinsu ba. Minda na faɗin inda aka je, ba ta faɗin wanda ya je, kuma akan saye ta a sayar. Sai an haɗa ta da takardar sallama, inda ake lissafa mindojin da mutum ya cancanta, sannan ta zama hujja.

Ga iyalin da nasu bai dawo ba, wuri mafi sauƙin farawa shi ne shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda aka fi sani da CWGC. Ana bincike kyauta da suna ko lamba. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Najeriya. Gidan da aka shekara tamanin ana cewa "ya tafi bai dawo ba" na iya samun ranar rasuwa da bataliyar mamacin cikin 'yan mintuna. Amma rashin suna a wurin ba hujja ba ce cewa mutum bai mutu a yaƙi ba. A Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su kwata-kwata, kuma wariyar launin fata na cikin dalilan.

Daga Kew zuwa Kaduna

Lamba kan kai mutum ga bataliya, bataliya kuma ta kai shi ga wuri da rana. Kowace bataliyar Ingila tana da kundin da wani hafsa ke cikewa kullum: inda aka kwana, inda aka gwabza, mutum nawa aka rasa. Waɗannan kundaye suna gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan. Na fagen Burma suna ƙarƙashin jerin WO 172, na Afirka ta Yamma WO 173, takardun neman a ba soja lambar jarumtaka kuwa WO 373. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne daraja ga iyali, domin a nan ne ake samun sakin layi guda da ke bayyana abin da wani saje ko kofur ya yi da sunansa.

A sauran kundayen kada mai karatu ya sa ran ganin sunan kakansa. In Bature ya ji rauni, za a rubuta sunansa da muƙaminsa. In 'yan Afirka ne suka mutu, sau da yawa adadi ne kawai da haruffa uku, AOR, ma'ana ƙananan sojoji baƙar fata. Amfanin kundin shi ne ya zama ma'auni. In tsoho ya ce sun yi wata da watanni jirgin sama ne ke jefo musu abinci, kundin zai gaskata shi, domin haka aka ciyar da runduna ta 81 a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota. In ya ce shi bai taɓa harba bindiga ba, kaya kawai ya ɗauka a ka, wannan ma gaskiya ce da ba ta rage masa komai ba: dubban 'yan alaro cikin kaki, yawanci ba makami, su ne suka ba rundunar damar ratsa duwatsun da alfadari ma ke shan wuya.

Mutanen Kaduna da Zariya na wuce sunayen waɗannan wurare kullum ba tare da sun lura ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna sunayen wurare ne a yankin Arakan na Burma. Barikin Chindit na Zariya ya samo suna daga rundunar Janar Orde Wingate da aka saukar a bayan layin Japanawa a 1944, wadda bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka yi yaƙi a cikinta. Myohaung da ke Legas gari ne da rundunonin biyu suka karɓe a Janairu 1945. In tsoho ya ambaci kalmar da ta yi kama da ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ya karya ta, a rubuta yadda ya furta ta.

Rabin labarin da ya shafi gida yana Kaduna ne, a reshen gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Fayilolin sakatariyar lardunan Arewa, masu alamar SNP, da na larduna irin su KANPROF da ZARPROF da SOKPROF, suna ɗauke da wasiƙun Razdan da Di'o kan ɗaukar soja, da adadin da aka yanka wa kowace En'e, da batun kuɗin da ake cirewa daga albashin soja a aiko wa iyalinsa, da koke-koken 'yan mazan jiya bayan 1945 suna neman aiki ko haƙƙinsu. Waɗannan koke-koke, ko da marubucin wasiƙa na bakin kasuwa ne ya rubuta su, su ne mafi kusa da muryar sojan kansa. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939, suna nuna abin da ake gaya wa mutanen gida a lokacin. Aiki ne na haƙuri: jerin fayiloli na takarda ne, kuma wanda aka nema ba kullum ake samu ba.

Ba soja kaɗai yaƙi ya taɓa ba. Bayan Japan ta kama Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinan Jos, abin da mutane suka kira diban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Waɗannan ba su da lamba, ba su da minda. In akwai abin da ya rage nasu, yana bakin tsofaffin mata ne da fayilolin larduna.

Takarda ma tana da ubangida

Akwai ɗabi'ar ɗaukar duk abin da aka buga da tafireta aka sa masa hatimi a matsayin gaskiya, abin da tsohuwa ta faɗa kuwa tatsuniya. Mai wannan aiki dole ya rabu da wannan ɗabi'a. Takardar soja za ta ce mutum ya shiga don ra'ayin kansa, dangi su ce dagaci ne ya nuna shi saboda ubansa ba shi da mai tsaya masa. Duka biyun na iya zama daidai a wurin mai faɗa, domin Bature ya nemi adadi daga sarki, sarki ya nema daga hakimi, kuma ba wanda ya rubuta yadda aka cika adadin a ƙauye.

Wani lokaci takardar ce ke tona asirin mai ita. A 2019 ɗan jarida Jack Losh ya fito da takardun gwamnatin Ingila da ke nuna yadda aka biya kuɗin sallama a rundunonin Gabashin Afirka bisa launin fata: farabiti Bature sule 10 kan kowane watan aiki, farabiti baƙar fata sule uku da rabi. Wani lokaci kuma takardar ƙarya ce tsagwaronta. A ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman kuɗinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar. Rahoton hukuma ya kira abin tawaye, ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi irin su Armelle Mabon kuwa suna ganin ɗaruruwa ne. Biram Senghor, wanda aka kashe mahaifinsa a wurin, ya tsufa yana jayayya da hukumomin Faransa kan abin da suka rubuta. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Iyalan Nijar da ke riƙe da littafin soja na Faransa suna da nasu tabon: dokar 1959 da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci, aka shekara kusan hamsin ana biyansu ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba.

Kalma ɗaya a takardar sallama, kamar "ya gudu" ko "halinsa ba kyau", ra'ayin hafsa guda ne a rana guda. A rubuta ta yadda take, a faɗi wanda ya rubuta ta.

Waɗanda suka riga suka bi hanyar

Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967, ya tashi yana jin labarin dajin Burma daga bakin mahaifinsa da ya yi yaƙin. Da ya zo rubutu bai tsaya ga abin da ya ji a gida ba, ya karanta abin da hafsoshin Ingila suka rubuta kan bataliyoyin Najeriya na Chindit, sannan ya zaɓi ya yi ƙagaggen labari. *Burma Boy*, wanda ya fito a 2007, labarin wani yaro ne mai suna Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja, kuma muƙaman da ke ciki da Hausar bariki suke: farabiti, samanja, kyaftin. Zaɓin nasa na da darasi. Inda shaida ta ƙare, ya fito fili ya kira aikinsa ƙage, bai sa wa mahaifinsa maganar da bai yi ba da sunan tarihi.

Isaac Fadoyebo, daga wani ƙauye kusa da Owo, shi ya rubuta nasa da hannunsa. Ya shiga soja yana ɗan 16, yana aikin jinya, Japanawa suka far musu a bakin Kaladan a Maris 1944, aka harbe shi a ƙafa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, na tsawon watanni. An buga rubutun a 1999 da taimakon masanin tarihi David Killingray. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya ci karo da shi a ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke Landan, ya nemo Fadoyebo a Legas, ya tafi Myanmar ya gano zuriyar Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya. Fadoyebo ya rasu a 2012, littafin Phillips, *Another Man's War*, ya fito a 2014. Da 'yan shafukan nan sun tsaya a akwati, da ba wanda ya san da Shuyiman.

Abin lura shi ne waɗannan littattafai da Turanci suke, alhali Arewa ce ta ba da kaso mai yawa na masu riƙe da bindiga. Dawowarsu ba ƙaramin al'amari ba ne a lokacin, har Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar *Maraba da Soja*. Amma waƙar maraba daban, labarin mutum ɗaya da abin da ya gani daban.

Inda abin ya fi nauyi

Yaƙin Bama ya yi nisa, ba wanda zai zagi wani a kansa. Yaƙin basasa kuwa ana yin sa har yau a Facebook da X, musamman kowace 15 ga Janairu da 30 ga Mayu. Wani ɓangare ya fara lissafi daga kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari a Janairu 1966. Wani ya fara daga kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba na shekarar, ko daga yunwar da ta kashe yara a Biyafara. Yawancin masu wannan jayayya sun yi makaranta a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Rahoton kwamitin Oputa, wanda aka kafa a 1999 ya saurari shaidu kan wasu daga cikin waɗannan abubuwa, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi.

A ɓangaren Gabas, 'ya'ya sun yi rubutu. Chimamanda Adichie, wadda kakanninta maza biyu suka mutu a yaƙin, ta gina *Half of a Yellow Sun* na 2006 kan labaran iyayenta da abin da ta karanta. Emma Okocha, wanda aka kashe mahaifinsa a Asaba, ya tattara shaidu ya fitar da *Blood on the Niger* a 1994. A ɓangaren tarayya kuwa manyan hafsoshi ne suka fi rubutu, daga Obasanjo a 1980 zuwa Babangida a 2025. Kurtun da aka ɗauka daga Gusau ko Azare, aka ba shi horon 'yan makonni, aka tura shi ya haye kogin Kwara a Onitsha, inda ɗaruruwa suka halaka a yunƙurin Oktoba 1967, shi ne ba a ji ta bakinsa ba. Haka Bahaushen da ya bar shagonsa a Fatakwal ko Inugu ya dawo gida da rigar wuyansa.

Takardun wannan yaƙi sun fi na Turawa wuyar samu. Ba wani jerin kundaye a buɗe kamar na Kew. Abin da ke hannu shi ne takardun fansho, da rassan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion, inda abokan bataliya kan san juna, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce ko da yake ta ware abin da ya shafi tsaro. Saboda haka sanin runduna na da muhimmanci: ta 1 ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta bi ta Nsukka da Inugu, ta 2 ƙarƙashin Murtala Muhammed ta bi ta Binin zuwa Asaba, ta 3 ƙarƙashin Benjamin Adekunle ta bi ta gaɓar teku.

A nan ne mai bincike zai iya cin karo da abin da bai so ba. A ranar 7 ga Oktoba 1967 sojojin runduna ta 2 suka ware maza da samari a Asaba suka harbe ɗaruruwa. Binciken Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, wanda ya fito a littafi a 2017, ya tattara shaidun waɗanda suka tsira, ciki har da masu cewa wasu sojojin tarayya ne suka ɓoye su suka cece su. Jikan da ya gano kakansa na wannan runduna a wannan wata yana tsakanin jaraba biyu: ya tsallake shafin don rufin asiri, ko ya yanke wa tsohon hukunci don ya burge masu karatu. Kasancewar runduna a wuri ba ta tabbatar da laifin mutum ɗaya, ba ta kuma wanke shi. Abin da ya dace a rubuta shi ne abin da aka tabbatar: rundunarsa na wurin, ga abin da ya faru a wurin, ga abin da shi ya faɗa ko ya ƙi faɗa. Tarbiyyar da ta hana ambaton mamaci da sharri gaskiya ce mai nauyi, amma waɗanda aka binne a Asaba ma mamata ne, kuma suna da jikoki.

Bakin tsofaffi

Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi ba ta buƙatar a koya mata tantance labari. Tambayoyin malaman hadisi su ne na wannan aiki: wa ya faɗa, shi ya gani ko ji ya yi, daga wa ya ji, kuma akwai wani da ya ruwaito ta wata hanya dabam? Labarin da 'ya'ya biyar suka bayar iri ɗaya ba shaida biyar ba ce in duk daga bakin uwa ɗaya suka ji.

Tsofaffi ba sa lissafi da shekarun boko. Sukan ce kafin zuwan Sarauniya, wato 1956, ko shekarar da aka canza hannun tuƙi, 1972, ko da aka fito da naira, 1973. Irin waɗannan turaku sun fi tambayar "a wace shekara?" amfani. Tambayar "ka kashe mutum?" kuwa tana rufe baki. Wadda ke buɗe shi ita ce ta ƙananan abubuwa: me ake ci, wa ke limanci, yaya aka yi azumi, wa ke rubuta masa wasiƙa, wa ya fara gani da ya sauka daga jirgin ƙasa. Yana da kyau a fara da mata. Su ne suka ajiye akwatin, su suka je baitulmali karɓar kuɗin aike, su suka san wanda ya dawo yana firgita cikin dare aka ce iska ce ta taɓa shi. In tsoho ya yi shiru a wani wuri, a rubuta cewa ya yi shiru. In ya ce kada a fitar da wani abu sai bayan ransa, amana ce.

Takardun kansu a ɗauki hotonsu gaba da baya kafin a motsa su, kada a manne su da roba mai zafi don tana lalata su, a nisanta su da danshin damina. Rabon gado ya fi gara ɓatar da irin wannan kaya: littafi ya tafi Kano, minda ta tafi Legas, hoto ya bi 'yar da ta yi aure a Maraɗi. Kofe ɗaya cikakke a hannun mutum uku, da wani a wani gidan adana tarihi, ya fi asali guda a ɗaki guda.

Akwai kuma yaƙin da bai ƙare ba. Tun 2009 ake binne sojoji da 'yan sa-kai da fararen hula a Arewa maso Gabas, kuma 'ya'yan waɗanda suka fara mutuwa sun isa shiga jami'a. Iyayensu ba su bar wasiƙa da ajami ba. Abin da suka bari saƙon murya ne a WhatsApp, da hotuna a wayar da allonta ya fashe, da layin da kamfani ke rufewa ya sayar wa wani in an yi watanni ba a yi amfani da shi ba.